Mushe Lawali da Shanun Banki

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Da safen nan labarin ya iske ni a Birnin Lalle, ina tsakiyar garke da allura a hannu, wani maraƙi na neman take mini ƙafa. Waya ta yi ƙara, na ga lambar matata. Ban gama cewa alo ba ta ce, "Sha'aibu, Mushe ya rasu."

Ban tambaye ta wane Mushe ba.

Malaman lakwal, wato makarantar boko, suna da yawa a Dakoro, kuma duk Mushe ake ce musu, amma a unguwarmu idan aka ce Mushe kawai, ba a ƙara komai ba, mutum ɗaya ake nufi. Mushe Lawali, wanda ya koya mini riƙon alli.

Ya yi sallar asuba a masallaci, ya koma gida, ya ce wa matarsa Inna Barira ta ɗan jinkirta masa kunu, zai kishingiɗa. Kishingiɗar ke nan.

Na bar wa abokin aikina sauran shanun, na hau moto, wato babur ɗina, na kamo hanya. Allah ya sa na samu jana'iza. Yanzu na dawo gida, na zauna in rubuta wani abu a kansa, kuma ga abin da ya ba ni mamaki: idona na zubar da ruwa, amma duk abin da na tuno game da mutumin nan dariya yake ba ni. Ku yi mini uzuri idan rubutun ya fito haka. Shi ya jawo.

Waɗanda muka yi aji tare za su tuna bulalarsa. Tana rataye a ƙusa bayan ƙofa, kullum yana cewa gobe zai sauko da ita. Har muka bar lakwal ɗin, goben ba ta zo ba. Daga baya muka ji gara ta cinye ta.

Shekarar da na faɗi jarrabawar shiga kolej, babana ya ce to madalla, ga awaki can suna jira. Mushe ya zo gidanmu da yamma ya zauna a tabarma. Bai ambaci lakwal ba ko da kuskure. Ya yi hirar damina, ya sha shayi, ya tafi. Washegari ya dawo. Wanshekare ma ya dawo. Haka ya yi ta zuwa har babana ya gaji ya ce, "Mushe, don Allah tahi da yaronga, kahin ka ƙare mani sukari."

Na maimaita ajin, na ci. Aikin allurar dabbobi da nake yi yau daga shayin nan ya fito.

Ranar da aka haifi ɗiyata ta fari ina can Ɗan Gulbi, ciwo ya shiga shanu, ba halin dawowa. Da na iso na tarar Mushe ya kafa kujera a ƙofar gidana yana amsar barka, har yana yi wa mutane faɗa wai sun makara.

Amma ba waɗannan ne suka hana ni zama shiru ba. Maganar Asabar ce, da maganar Baba Ada.

Baba Ada taubashin Mushe ne, tare suka tashi, kuma tun suna yara kowannensu ke cewa ɗayan bawansa ne. Dillalin shanu ne da ya yi zamaninsa a kasuwar garin nan. Idan ya hango saniya daga nesa zai gaya maka haihuwarta nawa, ya gaya maka halin mai ita. Sai ciwon ido ya kama shi. Gani ya yi ta raguwa kaɗan-kaɗan, aka kai shi Maraɗi, likitoci suka ce an makara.

Mutumin da kasuwa ba ta cika sai an ji muryarsa ya shiga ɗaki ya saki labule. Ya daina fita ko masallaci. Ɗiyarsa Hadiza ta kai masa abinci ta dawo da shi yadda ta kai. Masu zuwa dubiya sai ya yi kamar yana barci. Na taɓa jin ya ce mata, "Dillalin da bai gani, mi ya rage mai? Ku bar ni in jira lokaci." Gaskiya mun fara sallamawa, don ramar da ya yi ta ba kowa tsoro.

Liman ya je ya yi nasiha. Abokan kasuwa sun je sun yi lallashi. Kowa ya fito yana girgiza kai.

A lokacin Mushe ya riga ya yi ritaya. Babban ɗansa ya sayo masa tele da parabol mai kamo tashoshi da fanon da ke tara wuta daga hasken rana, aka kafa a zaure. Akwai wata tasha da ke nuna wani dogon fim da Faransanci duk Asabar bayan la'asar. Sunansa na gaskiya ba wanda ya riƙe a cikinmu. Masu Karabat muke ce masa, saboda ɗan ƙyallen nan da ma'aikatan banki ke shaƙe wuyansu da shi. Labarin wani babban banki ne a wata ƙasa mai sanyi, inda darakta da muƙarrabansa ke wawure ajiyar mutane ta hanyar takardu, ga kuma wata mata mai bincike tana bin sawunsu.

Babu dambe, babu tseren mota, bindiga ma sai an daɗe ba a ga ɗaya ba. Mutane ne kawai cikin biro, wato ofis, mai gilashi suna sa hannu suna murmushi. Samarin unguwa sun leƙa sau ɗaya suka koma fadarsu ta hira da shayi.

Mushe bai je ɗakin Baba Ada da nasiha ba. Ina wurin, ni na raka shi. Ya ɗaga labulen ba sallamar kirki, ya ce, "Tashi, bawana, ina da aiki gare ka. Akwai wasu ɓarayi cikin tele, na kasa gane dabararsu. An ce mugu shi ya san makwantar mugu, shi ya sa na taho wurinka."

Can sai muka ji tabarma ta motsa.

"Lawali, ni kake ce ma ɓarawo? Cikin ɗakina?"

"To taho zaurena ka rama."

Wallahi ya tashi. Ya lalubi takalminsa yana zage-zage, ya kama kafaɗata, muka taka har gidan Mushe yana lissafo laifukan Mushe tun na ƙuruciya. Ya je ne don ya rama zagi, amma da aka kira magariba yana nan zaune bai motsa ba.

Daga ranar Asabar ta zama tasa. Ita ta mayar da shi masallaci, ita ta mayar masa da cin abinci, don ya ce ba zai mutu ya bar darakta yana yawo ba. Sauran kwanakin mako yana zaman ƙofar gida ne yana musu da duk mai wucewa a kan abin da zai faru a fim. Kowa a unguwa ya san haka, kuma kowa ya san cewa bakin Mushe ne ke riƙe da abin gaba ɗaya.

Don Baba Ada ba ya gani, ba ya jin Faransanci. Abin da Mushe ya faɗa masa shi ne fim ɗin.

Kuma Mushe ba fassara yake yi ba, ni da na ji Faransanci ina shaida. Sai a yi dogon bayani a tele game da kamfanin da babu shi sai a takarda, Mushe ya juya ya ce, "Ada, rumbu ne sunka gina, sunka ɗaure bakinshi, sunka ce cike yake da hatsi. Ba ko zangarniya ciki. Yanzu suna kai mutane su gani daga waje."

Baba Ada ya buga cinya. "Ɗan banza! Kuma ba wanda ya ƙwanƙwasa ya ji?"

"Wanda za ya ƙwanƙwasa an ba shi nashi."

Idan suka zagaya da kuɗin sata ƙasa-ƙasa don a rasa asalinsu, sai Mushe ya ce saniya ce aka sato, aka sake mata shaida a kunne, aka bi da ita kasuwa uku, ta dawo da sabon suna. Idan suka karɓi bashi da jinginar ƙarya, sai ya ce gona ɗaya ce aka jinginar wa mutum uku, kowa na jiran kaka. A hankali zauren ya cika. Mahauta, masu kabu-kabu, tela, har da matan gida da ke zama ta bayan ƙofar ciki suna sauraro. Samarin da suka raina fim ɗin ma suka dawo suna neman wurin tsugunawa.

Yana da doka ɗaya da ta sha ba mu haushi. Ladan na cewa Allahu Akbar na magariba, Mushe zai miƙa hannu ya kashe tele, ko da kuwa ƴan sanda na bakin ƙofar darakta. Fim ɗin kuma sau da yawa sai bayan kiran yake ƙarewa. Mu yi ta roƙo, shi ko a jikinsa. "Ɓarawon na nan, ba inda za shi. Salla ce ke wucewa." Haka muke kwana bakwai ba mu san ƙarshen ba, sai an maimaita a farkon na gaba.

Baba Ada kuwa ya ɗauki kansa babban mai gano ɓarawo ta murya, kuma yawanci kuskure yake yi. Akwai wani ɗan akawu a bankin mai yawan gyaran murya. Baba Ada ya tsane shi. Makonni yana cewa, "Mai tari irin wanga bai da gaskiya, ku rubuta ku aje." Ashe a duk bankin shi kaɗai ne mai amana. Da abin ya fito muka juya muna kallon Baba Ada, shi kuwa ya gyara zama ya ce, "Ba a dai kama shi ba."

Sai maganar Alhaji Garba mai hatsi. Na nemi izininsa ɗazu a maƙabarta kafin in rubuta, ya ce in rubuta, ai duk gari ya sani.

Wata Asabar Baba Ada ya ce, "Wai daraktan ga, yaya huskarshi take?" Mushe ya ɗan yi tunani, yana neman fuskar da Baba Ada ya sani tun yana gani. Ya ce, "Ka tuna Alhaji Garba shekarar da ya dawo Makka? To aske mai gemu, ka ɗaura mai karabat." Zaure ya ɗauki dariya, Baba Ada har da ƙwarewa.

Mu mun ɗauka ta ƙare a nan. Ina! Magana zarar bunu ce. Kafin wata ya zagayo, yaran kasuwa sun fara kiran Alhaji da Darakta. Daga nan labarin ya hau mota ya tafi ƙauye, ya dawo da ƙafafu huɗu. Wata tsohuwa daga wajen Kornaka ta zo sayen gero, ta tsaya nesa da rumfarsa tana cewa ai an nuna shi a tele ya kwashe kuɗin banki, jandarmomi na nemansa. Bawan Allah da ko asusun banki bai yarda da shi ba.

Asabar ta gaba sai ga Alhaji ya shigo zaure da babbar riga, fuska a murtuke. Kowa ya sha jinin jikinsa. Mushe ya miƙe tsaye, dattijo da furfurarsa, ya ce, "Alhaji, na yi kuskure, kuma gaban mutanen ga na yi shi, don haka gabansu nike roƙon ka gahwara." Alhaji ya ce ba komai yake so ba sai a nuna masa mutumin da ake cewa shi ne. Aka matsa masa. Ya zauna yana huci.

Darakta ya fito a tele, yana saukowa daga wata doguwar mota.

Alhaji ya daɗe yana kallo. Can ya shafa hancinsa ya ce, "To, wajen hancin dai akwai kama."

Ranar kasuwa Mushe ya je ya wuni a rumfar Alhaji, duk wanda ya zo sai ya yi masa bayani da bakinsa cewa wasa ne ya yi, kuma wasan bai dace ba. Alhaji kuwa ya zama ɗan zaure, shi ke kawo sukarin shayi har yau.

Tun daga nan Mushe ya rantse ba zai ƙara aron fuskar ɗan Adam ba. To amma Baba Ada na bukatar ya ga mutanen. Sai Mushe ya koma ga abin da dillali ya fi sani a duniya, ya mayar da duk ma'aikatan bankin shanu.

Darakta ya zama jan bijimi irin na Bororo, dogon ƙaho, tafiyar ƙasaita. "Amma Ada, ƙibar nan ba ta Allah ba ce. Kanwa anka ba shi ya sha ruwa kahin a kawo shi kasuwa." Mai binciken ta zama karsana irin ta Azawak, ba ta da jiki, amma ba ta taɓa ɓata hanyar rijiya. Lauyan bankin tsohon takarkari ne da ya san kowace ɓarauniyar hanya. Akwai wani minista da ke cin rabonsa a ɓoye, shi kuma san nan ne da ke shiga gonar mutane, da safe a same shi a turke yana tuƙa kamar ba shi ba.

Ku zo ku ga fuskar Baba Ada a lokacin. Yana gyaɗa kai, yana taɓa iska da hannu kamar yana shafa tozo. Wani lokaci ya ce, "Ƙahon nashi ya miƙe ko ya karkace?" Mushe ya juyo gare ni ya ce, "Likitan shanu, duba mana." Ni kuma in ƙura wa wani Bature mai sanƙo ido in ce ya ɗan karkace ta hagu. Baba Ada ya ce ai ya sani.

Akwai lokacin da wasu baƙi suka zo garin nan da maganar a zuba kuɗi ta waya a samu ninki. Matan unguwarmu suka saurare su tsaf, sannan wata ta ce, "A buɗe muna rumbun mu gani." Baƙin ba su gane ba, mu mun gane. Da aka ba Mushe labari aka ce ya yi aikin lada, sai ya ce shi ba wa'azi yake yi ba, kallo kawai ake yi, kada a ɓata masa suna.

Haɗuwarmu ta ƙarshe Asabar ɗin da ta wuce ce.

Na tarar ya ɗan faɗa, muryarsa ta dushe, yana ta shan ruwan ɗumi. Ya ce mura ce. An fara fim, ya yi jimla biyu uku, tari ya sarƙe shi. Sai ya nuna ni da kofin da ke hannunsa ya ce, "Sha'aibu, karɓi. Yau kai ne."

Na ce, "Mushe, ni?"

"Kai mana. Faransancin da na ɗura maka na ajiya ne?"

Jama'a, na yi iya ƙoƙarina. Mai binciken ta shiga biron darakta da takardu, suka yi magana, ni kuma na bi su kalma-kalma kamar ina karanta rahoton aiki. Na ce ta ce akwai saɓani tsakanin rahoton farko da na biyu. Na ce ya ce hukumar gudanarwa ta amince. Na ce ta ce za ta nemi izinin alƙali. Zaure ya yi tsit, irin tsit ɗin da ba na daɗi ba. Wani mahauci ya yi hamma.

Baba Ada ya buga sandarsa a ƙasa. "Kai, wa ya mutu? Lawali, wane ne wanga mai kashe labari? Ina karsanata? Ina bijimin? Yaro na ta karanta muna takardar haraji!"

Aka kwashe da dariya, ni kuwa zufa har cikin riga. Mushe na dariya yana tari, hawaye na zubo masa. Ya jawo ni kusa ya ce a hankali, "Kada ka hwaɗa mai abin da sunka ce. Hwaɗa mai abin da sunka yi ma juna."

Na sake gwadawa. Na ce karsana ta tare bijimi a bakin rijiya, ta ƙi matsawa, shi kuma yana karce ƙasa da kofato amma ya kasa tunkuɗe ta. Baba Ada ya gyaɗa kai ya ce, "To. Da dama-dama. Ci gaba." Ban taɓa jin daɗin yabo irin wannan ba, ko ranar da na ci jarrabawa.

Bayan magariba Mushe ya rako ni har bakin hanya, abin da bai saba yi ba. Ya ce ɗansa na son ya je Maraɗi a duba ƙirjinsa, wataƙila ya ɗan kwana biyu. Ya riƙe mini hannun moto ya ce, "In ba ni nan, kada ka bari Asabar ta wuce. Ada ba kallo ke kawo shi ba. In ya koma ɗakin nan, ba mai hiddo shi kuma."

Na ce in sha Allahu, Mushe, ai kwana biyu ne.

Ya ce, "Gaida mutan gida." Kalmarsa ta ƙarshe gare ni ke nan.

Shi ya sa yau, tun a kan hanyar Birnin Lalle, rabin zuciyata na wurin Mushe, rabi na wurin Baba Ada. An kawo shi jana'iza, ya tsaya a sahu. Da aka dawo daga maƙabarta bai tsaya wurin zaman gaisuwa ba, ya ce a kai shi gida. Gabana ya faɗi.

Bayan la'asar na je. Na tarar da Hadiza a tsakar gida riƙe da kwanon fura, ta nuna mini ɗakin da haɓa. Labule a sake.

Na yi sallama.

"Wa ke nan?"

"Ni ne, Baba. Sha'aibu."

"Mai kashe labari. Shigo."

Yana zaune a tabarma ya jingina da bango. Na zauna kusa da shi, na yi masa gaisuwa, ya amsa. Can ya ce, "Ka ga rashin kunyar bawa ko? Ya tahi bai nemi izinin ubangidanshi ba." Muryarsa ta karye a tsakiya, ya sa gefen rawani ya share fuska. Ni ma na kasa riƙe nawa.

Da muka natsu na gaya masa abin da Mushe ya ce mini a bakin hanya, ban rage komai ba. Na ƙara da saƙon Inna Barira, don ta aiko daga cikin gida cewa tele na nan a zaure inda take, bayan addu'ar bakwai duk mai zuwa ya zo.

Baba Ada ya yi wata ƴar dariya ta hanci.

"Shina tsammanin ya yi mani wayo. Ni dillali ne, Sha'aibu. Tun ranar hwarko na san ba dabarar ɓarayi ta kawo shi ɗakin ga ba. Na bar shi ya ci ni, don cinikin ya yi mani."

Na ce, "To Baba, Asabar fa?"

"Kai ba ka iya ba."

"Na sani, Baba."

"Ba ka iya ba ko kaɗan. Bakinka nauyi gare shi." Ya lalubo gwiwata ya dafa. "Amma kana da ido, kuma ka ji yaren mutanen. Ni kau shekara da shekaru ina zaune gindin bakinshi, na san inda yake hawa da inda yake sauka. Ka zamna nan kusa da kunnena, ka raɗa mani wace saniya ta shigo da mi ta yi. Ni in hwaɗa ma jama'a. Mu biyu in munka haɗu, ma yi rabin Lawali."

Ya ƙara da cewa, "Rabi ya hi babu."

Sannan ya ɗaga murya yadda ban ji ya ɗaga ba duk yau. "Hadiza! Ina hurar nan?" Ya sha sosai, ya goge baki, ya miƙo mini hannu. "Kama ni. Mutane na ta zuwa gaisuwa, ba wani babba a ƙohwar gidan. Wa za ya amsa ma Barira in ba ni ba?"

Na kai shi. Yanzu haka da nake rubutun nan yana can zaure a kan tabarmar Mushe, yana amsar gaisuwa, yana yi wa waɗanda suka makara faɗa.

Ya Allah, ga bawanka Lawali ya zo gare ka. Ka gafarta masa, ka yi masa rahama, ka haskaka kabarinsa, ka yalwata masa shi. Yadda ya ɗaga wa ɗan uwansa labule ya fito da shi cikin mutane, ka buɗe masa ƙofar Aljanna Firdausi. Ka ba Inna Barira da ƴaƴansa haƙurin rashinsa. Idan tamu ta zo ka sa mu cika da imani.

Duk wanda ya karanta wannan, ko ka san shi ko ba ka san shi ba, don Allah ka tsaya ka karanta masa Ƙulhuwallahu, ka roƙa masa gafara. Ku sa Baba Ada a addu'a, Allah ya ƙara masa lafiya da ƙarfin zuciya. Ni ma ku sa ni, Allah ya sauƙaƙa mini nauyin bakin nan kafin Asabar ta sama.

Allah ya jiƙan Mushe. Amin.